Inci Shida a Gonar Yaya

Litinin, 5 ga Agusta, bayan azahar

Wannan littafin awon kaya ne. A shafukan baya akwai kafaɗa da hannu da tsawon rigar rabin mutanen Mafara. Daga yau awon ruwa zan riƙa rubutawa a ciki, don ba ni da wani littafin, ba ni kuma da wanda zan gaya wa. Ni Rilwanu tela, da ko barkono ban taɓa shukawa a gwangwani ba, wai ni ne yau mai kula da shinkafa.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da Yaya Mas'udu ya tafi Damaga neman taki, shi da Baffa Gidaɗo, maƙwabcinsa na gona. Har yau ba labarinsu, hanyar kuwa kowa ya san ta da 'yan bindiga. Kwana goma sha tara rabonmu da ruwan sama. Ruwan dam da ke zuwa ta kanal ma an rage shi, kowane layi sai ranarsa.

Jiya kawunnanmu suka zo, suka gaisa da Inna har gaisuwa ta ƙare, suka shiga kewaye-kewaye. Ta katse su.

"Ba mai shimhiɗa mani tabarmar makoki ƙohwar gida. Shinkahwatai na nan kore shar. Wanda yad dasa ta shi za shi yanke abinai."

Ta juyo kaina. "Kai, aje almakashin ga, ka tahi gonar wancan."

Wancan take ce masa. Ɗan fari ne, shekararsa arba'in da huɗu, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba ko da wasa. To ga inda muka tsaya: muddin shinkafar na raye, ba mai furta komai a gidanmu. Ni aka ɗora wa.

Talata, 6 ga Agusta, da hantsi

Yau ranar kasuwa, shagona a rufe. Haushi kamar ya kashe ni.

Hamdiyya, matar Yaya, ita ta karanta mini ƙa'idar, don ta ce ta ji ta har ta haddace. A tsakiyar gonar akwai farin bututun roba mai huji-huji da ya binne, bakinsa a waje. Ba a tsayar da ruwa kullum kamar yadda kowa ke yi. Sai an bari gonar ta tsotse, ruwan cikin bututun ya sauka inci shida ƙasa da doron ƙasa, sannan a ba ta. Wai a haka saiwa ke nutsawa ta bi ruwa, rana kuma ba ta samun na kwashewa. Kunyar da ta kewaye gonar kuwa, duk inda ta tsage a yaɓe da laka, a lulluɓe da busasshen karan shinkafa. A wani taron manoma a Bakura ya koyo. Shekara biyu ana kiransa mai leƙen rami.

"Malam Tela," ta ce, "in ka kashe mai ita, ni da kai ne."

Ta so ta yi dariya kamar yadda muka saba, abin bai fito ba.

Na zura tef ɗina na awo. Inci uku.

Alhamis, 8 ga Agusta, la'asar

Inci huɗu. Ba labari.

Juma'a, 9 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

Na tarar da ganyen duk ya naɗe, siriri kamar zaren da aka murza. Masu gonakin gefe suna tsaye cikin ruwa har idon sawu, suna kallona. Ɗaya ya ce, "Tela, wagga ba yadi ta ba, ba ta ruwa!" Har ya ce zai ara mini injinsa in ja daga rijiyarsa.

Wallahi na kusa. Na zura tef, inci biyar ba kaɗan. Na tsaya riƙe da tef kamar wawa, ina zagin Yaya a zuciyata, shi da raminsa. Sai na tuna ba lokacin zaginsa ba ne, na yi istigfari.

Da rana ta yi sanyi ganyen ya buɗe da kansa. Na ji kunya a gaban ciyawa.

Asabar, 10 ga Agusta, da yamma

Kunyar gabas ta tsage, hannu zai shiga. Na gaji, gobe zan yaɓe. Tun azahar nake jin jikina wani iri, ban san dalili ba.

Lahadi, 11 ga Agusta, da sassafe

An yaɓe.

Daga sallar asuba na wuce gonar, ban iske kowa a hanya ba. Tsagar jiya a rufe take, lakar ɗanya, an shafe ta sumul an jera kara a kai. Na ɗaga karan. Duk mai yaɓe yana barin sawun tafin hannunsa, wannan ma ya bari, har guda uku.

Yatsu huɗu ne.

Injin casa ya cire wa Yaya ƙaramin yatsansa na dama tun ina makarantar firamare. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Na mayar da karan yadda yake. Ban gaya wa kowa ba.

Inci biyar.

Talata, 13 ga Agusta, bayan la'asar

Baffa Gidaɗo ya dawo. Shi kaɗai.

Wani mai babur ya tsinto shi a hanyar Maradun, ba takalmi, ba hula. Gidansa ya cika, na kutsa na durƙusa. Ya rame har ban so kallon wuyansa ba. Muka gaisa, ya gajiya, ya hanya, ya ƙarfin jiki, yana amsawa lahiya lau, lahiya lau, idonsa a bango. Da gaisuwa ta ƙare na jira labari.

Ya ce, "Wa ka kula da ita?"

Na ce ni.

"Inci nawa yau?"

Na ce biyar da rabi. Ya gyaɗa kai, ya juya ya kwanta. Iyakar abin da na samo ke nan. Da na dawo gida Inna ba ta tambaye ni ba.

Juma'a, 16 ga Agusta, da hantsi

Shida cif, kuma ranar layinmu ce. Na buɗe ƙofar ruwa. Ban taɓa sanin ƙasa na da murya ba. Wani tsss take yi, tana shan ruwan ta tsagogi, kamar mutane da yawa suna raɗa a ɗaki na kusa. Na tsaya har ya hau inci biyu a sama na toshe, yadda aka ce.

An sake yaɓe wuri biyu ta arewa. Ban ɗaga karan ba.

Litinin, 19 ga Agusta, bayan azahar

Wasu mata sun zo wurin Hamdiyya. Daga zaure nake jin su, suna cewa ya kamata ta rage ado, ta zauna ɗaki, a san matsayinta. Ba su faɗi kalmar ba, amma kowa ya san abin da suke nufi. Da suka tafi ta fito tsakar gida ta zauna ta rambaɗa kwalli, ta sa 'yan kunnenta na aure.

Ta ce, "Tela, kore take?"

Na ce kore.

"To."

Na tsani wannan tambayar. Sau uku ake yi mini ita a rana, kamar ni ne likitan da ke riƙe da mara lafiya.

Laraba, 21 ga Agusta, rana tsaka

Zan rubuta yadda na gani, ba ƙari.

Na makara yau, sai da rana ta take na isa. A wannan lokacin fadamar ba kowa, ko tsuntsu ba ya kuka. Daga kan kanal na hango mutum a tsakiyar gonar, da malfa, ya sunkuya yana leƙen bututun, hannu ɗaya a ƙugu. Na san wannan sunkuyon. Na gangara, itacen giginya ya tare mini shi na taku biyar ko shida. Da na wuce itacen ba kowa.

Zafin rana na sa ido ya yi wa mutum ƙarya, na sani. Amma an kifa sakaina a bakin bututun. Ni ban taɓa rufe shi ba. Da na tambayi Hamdiyya a fakaice, ta ce maigidan kullum yana rufewa, don kada kwaɗi su faɗa.

Inci uku.

Alhamis, 22 ga Agusta

Hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin. Iska ta watsa shi.

Asabar, 24 ga Agusta, da yamma

Ruwan dam ya ƙara ja baya, an ce yanzu layi sai bayan kwana goma sha biyu. Gonakin da suka saba da tsayayyen ruwa sun fara ƙonewa daga baki, ja-ja kamar an goga musu dutsen guga mai zafi. Saiwarsu a sama take, ba ta san neman komai ba. Ta Yaya na nan kore, ita kaɗai a layin, har ba daɗin gani.

Ba mai kirana tela yanzu. Ba mai ratsa gonar kuma, zagayawa suke yi. Wanda ya so ara mini inji ya tsaya daga nesa ya ce, "Rilwanu, kai ɗai ka aikin ga?" Na ce ni kaɗai. Ya daɗe yana kallon kunyar, ya wuce.

Laraba, 28 ga Agusta, bayan azahar

Na yi wauta. Na gaya wa Inna zancen yatsun.

Na zaci za ta tsorata. Sai fuskarta ta washe, rabon da in ga haka tun kafin tafiyar. "Ban hwaɗa maku ba? Ɓoye yake, shina jiran hanya ta lahwa." Ta tashi ta dama fura, ta ce in kai in ajiye gindin giginya. Hamdiyya na jinmu, ta shige ɗaki ta saki labule.

Na kai furar. Me zan yi? Na ajiye na juya da sauri, ban waiwaya ba.

An ba da ruwa yau. Inci shida ne daidai.

Alhamis, 29 ga Agusta, da sassafe

Furar na nan, ta yi tsami, tururuwa sun cika ƙwaryar. Na zubar na wanke. Na ce wa Inna an sha.

Lahadi, 1 ga Satumba, la'asar

Shinkafar ta yi ciki, wasu har sun fara fitar da kai. Ban san zan ji daɗin abu irin haka ba. Inci huɗu. Layinmu saura kwana takwas, kuma na lissafa za ta kai. Na fara jin kaina manomi, har ina yi wa wani bayanin saiwa.

Talata, 3 ga Satumba, da hantsi

Yau na kusa tafka ɓarna.

Na iso na ga gonar cike da ruwa, yana ƙyalli. Ba ranarmu ba, ba a kuma kai shida ba. Raina ya ɓaci, na ce wani ya lalata mini aikin wata guda. Na ɗauki fartanya zan fasa kunya in zubar.

"Aje ta."

Baffa Gidaɗo ne zaune gindin giginya. Ban gan shi ba da farko. Sai a lokacin na lura, gonarsa na layi na gaba, yau ranarsu ce, ya toshe tasa ƙofar ya karkato ruwan duka zuwa ta Yaya.

Na ce, "Baffa, ƙa'ida inci shida ce."

"Ƙa'idar ta ƙare. Duba kanta da kyau."

Na duba. Wasu 'yan farare-farare ne ke reto a jikin zangarniyar, ƙanana kamar ɓurɓushin alli.

"Hure na," ya ce. "In ta hwara hure ba a bari ta ji ƙishi ko na yini guda. In ka jira shida, za ka yanke kara mai kyau da holoƙo, ba ƙwaya ko ɗaya."

Na ajiye fartanyar. Kwana shida na yi niyyar barinta. Da na kashe ta da hannuna ina taƙama ina bin ƙa'ida. Hamdiyya ba ta san wannan ba, ko ta manta.

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Shi."

"Yaushe?"

Ya kalli ruwan. "Cewa yay yi, in na isa gida in hwaɗa ma duk wanda ka kula da ita. Sau ukku yana maimaitawa."

Bai ce Yaya ya ce sai na zo ba. Na jira ya faɗa, bai faɗa ba.

Na ce to tasa gonar fa? Ya ce tasa ta riga ta tafi. Ƙarya ne, da ruwan yau da ta farfaɗo, ni ma na san wannan yanzu. Sai na yi ƙarfin hali na tambaye shi yaɓen. Ya ce tun da ya dawo, yau ya fara taka fadamar. Na ɗaga masa karan ya gani. Ya daɗe a tsugune. Ya tambaye ni ranar da na fara gani, na ce Lahadi, sha ɗaya ga wata. Ya rufe fuskarsa da hannu biyu yana salati, ya tashi ya tafi ya bar sandarsa.

Juma'a, 6 ga Satumba

Kore take. Na ce musu kore take.

Litinin, 9 ga Satumba, bayan azahar

Layinmu. Na cika ta. Ban zura tef ba, ba amfani. Na rufe bututun da sakaina.

Ba na iya haɗa ido da Hamdiyya. Ina jin ta gane. Har yanzu tana sa kwallin, amma ta daina tambayata.

Talata, 10 ga Satumba, la'asar

Ruwa! Kamar da bakin ƙwarya, tun azahar. Yara na ta tsalle a titi. Ga yawancin layinmu ya zo a makare. Na tsaya cikinsa a gonar har na jiƙe sharkaf, ina kallon sawun hannuwan suna narkewa ɗaya bayan ɗaya. Na so in tare ko guda da rigata.

Asabar, 21 ga Satumba, da hantsi

Shinkafar ta zuba nono, kai ya fara nauyi. Tsuntsayen janbaki sun gano mu, don mu kaɗai muka rage. Na yanka ƙyallayen shago na ɗaura a igiya, gonar ta zama kamar ranar suna. Yini nake ina ihu. Muryata ta dushe.

Ɓera ya huda kunyar yamma jiya. Yau da safe a toshe take.

Laraba, 2 ga Oktoba

Ta sunkuya, ta yi ruwan zinariya. Ba kore ba ce kuma. Ba wanda ya yi wannan maganar a gida.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan la'asar

Inna ta ce a kai ta. Shekara goma rabonta da fadama. Na ɗauko mai keke, muka tafi da hantsi, ita da Hamdiyya da ni. Masu yanka shida na jira da laujensu, Baffa Gidaɗo a cikinsu, ko da yake ban kira shi ba.

Inna ta ce kada a taɓa. Ta zauna gindin giginya ta fuskanci hanya. Muka tsaya. Rana ta hau, inuwa ta tsuke, ba mai tari. Duk babur ɗin da ya ɓullo kan kanal sai ta miƙe wuya, ya wuce. Zangarniya har ta fara zubar da ƙwaya don nuna. Ni kuwa bututun nake kallo, wallahi ina jira in ga malfa.

Da aka yi kiran azahar daga ƙauye ta ce, "Gidaɗo, matso."

Ya zo ya durƙusa.

"Wata biyu kana wuce ƙohwata ba ka shigo ba. Ni ma ban aika a kira ka ba. Yanzu na tambaye ka."

Ya ce, "Ranar Asabar ta, Inna, kwana goma sha shida da tahiyarmu, wajen azahar. Zazzaɓi na, ga ba ruwa. Da kalmar shahada ya cika. Ni niy yi mai salla, ni nir ruhe shi da hannuna. Na zo in hwaɗi ya hi sau goma, sai in ji ki daga zaure kina cewa shinkahwatai na kore."

Hamdiyya ta zame ƙasa. Ba ta yi ihu ba. Hannu ta sa ta cire 'yan kunnen, ɗaya, ɗaya.

Inna ta miƙa hannu ta tsinko zangarniya guda, ta murza a tafinta, ta hure. Ƙwaya ce cike, ba holoƙo. Ta daɗe tana kallonta.

Ta ce, "Rilwanu, ku yanke shinkahwar Mas'udu."

Ta sake cewa, a hankali, ba da kowa take ba. "Mas'udu."

Ban san yadda na riƙe laujen ba.

Asabar, 12 ga Oktoba, da yamma

An shimfiɗa tabarmi. Mutane daga Bakura, daga Garbadu, daga Maradun. Shinkafarsa aka casa aka dafa wa masu zuwa gaisuwa, kowa na cewa ta yi daɗi. Mutum huɗu daga layinmu sun ja ni gefe, wai in nuna musu yadda ake huda bututun. Na ce sai an share makoki. Na ce kuma akwai maganar fure, kada wanda ya manta.

Bari in rubuta, tun da kowa ya faɗa. Yaya Mas'udu ya rasu ranar Asabar, goma ga Agusta. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na koma baya a littafin nan na karanta abin da na rubuta washegarin ranar. Na rufe.

Talata, 15 ga Oktoba, da sassafe

Ranar da muka yi yanka na ga kunyar gabas ta tsage, daidai wurin farko. Na gani na ƙyale da gangan. Kwana biyar ina sane da ita.

Yau daga masallaci na wuce. Tsagar na nan yadda na bar ta, ta ma ƙara buɗewa. Ba wanda ya yaɓe.

Wata biyu ina jin tsoron in ɗaga kara. Yau da ban ga komai ba na zauna a kan kunyar na yi kukan da ban yi ba ranar Alhamis. Da na gama na ɗebo ruwa a kanal, na kwaɓa laka na yaɓe. Bai yi sumul kamar nasa ba. Yatsu biyar ne.